Gidan haya ba ya hana iyali samun igama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Maigidana injiniya ne a wani kamfani a Jidda, shekararsa biyu ke nan a can. Yana so ya ɗauke mu, ni da yara uku. Gidan da yake zaune na haya ne, shi da wani abokin aikinsa, takardar hayar kuma da sunan abokin take. Wata maƙwabciyata ta ce ba a ba iyali igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, sai mutum yana da gidan kansa. Don Allah gaskiya ne?
Maman Fadila, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Fadila. Maƙwabciyarki ta ji ƙishin-ƙishin ne kawai. Yawancin baƙin da ke zaune da iyalansu a Saudiyya 'yan haya ne. Abin gyara shi ne sunan da ke kan takardar. A can ana yi wa haya rajista a wani tsarin gwamnati mai suna Ejar, kuma hayar da ba ta shiga ciki ba, ko kotu ba ta kallonta. Maigida ya nemi gida daban da sunansa, ya tabbatar an saka shi a Ejar, ya yi rajistar adireshinsa. Dama ina za ki zauna da yara uku a gidan gwauraye?

Daga nan sai ya nemi bizar zama ta iyali, wadda suke kira istikdam. Kada a ruɗe ku da bizar ziyara, ita ba ta ba da igama. Bayan kun sauka za a yi gwajin lafiya da inshora, sannan Jawazat, hukumar shige da fice ta can, ta fitar wa kowa katinsa.

Aikinki na nan gida shi ne takardu, kuma a nan na fi ganin mutane suna tuntuɓe. Takardar aure da takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya, a fassara su zuwa Larabci, a kai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga hatimi, sannan ofishin jakadancin Saudiyya. Kafin ki hau motar Abuja, ki shimfiɗa tabarma, ki jera fasfo da takardar NIN da takardar aure, ki bi sunaye harafi-harafi. Matar ƙanena Aishatu ce a fasfo, Aisha a takardar aure. Wannan "tu" ɗin ya sa na yi zarya tsakanin kotu da shagon mai buga takardu har takalmina ya cinye, ita kuwa tana zaune da akwatuna a ɗaure, dangi sun gama yi mata sallama.

Sai abin da ba ki tambaya ba, wanda ni ya fi damuna: kuɗi. Tun 2017 Saudiyya ta sa haraji a kan iyalan baƙi. Da Riyal 100 aka fara, daga Yulin 2020 ya kai Riyal 400 kan kowane mutum a wata. Ku huɗu Riyal 1,600 ke nan duk wata, 19,200 a shekara, ban da kuɗin haya da makarantar yara. Ki ce wa maigida ya ɗauko takardar kwantiraginsa ya duba ko kamfani ya ɗauki wani abu a ciki, tun kafin ki sa keken ɗinkinki a kasuwa.

Allah ya sa tafiyar alheri ce. A gaida Fadila da ƙannenta.