Filin Tambaya da Amsa: Zai gina fulaza a bakin layinmu, ya ce zai yi mana bohol, mu yarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Wani Alhaji ne ya sayi gidaje biyu a bakin layinmu ya rushe, wai fulaza zai gina mai hawa uku, shaguna a ƙasa sama kuma wurin biki, toh layin namu ko motoci biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ta raɓe, ga makarantar islamiyya a tsakiya yara na fita da yamma. Da muka fara magana sai ya aiko cewa zai haƙa mana bohol mai sola kyauta, shikenan unguwa ta rabu biyu, mata da samari sun ce a bar shi ya yi tunda rabonmu da ruwan famfo har mun manta, wasu dattawa kuma sun ce a'a. Ni na rasa inda zan tsaya wallahi, kuɗin da nake ba 'yan garuwa duk wata ya ishe ni. Daga wani magidanci a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kawo sauƙi. Kada kowa ya zargi matan nan, su ne ke tashi da asuba suna jiran mai kura ya zo da jarkoki, su suka san zafin abin, in an ce musu ga ruwa a ƙofar gida dole ransu ya biya. Amma ni shawarata ku raba maganar nan gida biyu, ruwa daban gini daban, kada ku bari a ɗaure muku su wuri ɗaya. Bohol fa famfonsa na ƙonewa, sola na lalacewa, ruwan kansa yana iya ja da baya da rani, shi kuwa bene mai hawa uku in ya tsaya ya tsaya kenan har jikokinku, kuma duk Juma'a da Asabar da Lahadi motocin 'yan biki ne za su cika layin har mai naƙuda ta rasa ta inda za a fitar da ita.

Abin da ya kamata ku fara sani shi ne, sayen fili bai ba mutum damar gina duk abin da ya ga dama a kai ba. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 filayen cikin birni suna hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma takardar mallaka da ake bayarwa ana rubuta abin da aka ba da filin dominsa, na zama ne ko na kasuwanci ko na masana'anta. Wanda zai mai da gidan zama ya koma shaguna da wurin biki sai ya nemi izinin canja manufar filin, sannan ya kai zanen ginin a amince masa, a Kano hukumar tsara birni KNUPDA, wadda da ake kira KASEPPA, ita ke duba zane ta ba da izinin gini. Cikin abin da ake dubawa akwai tazarar da za a bari tsakanin gini da titi, da magudanar ruwa, da wurin fakin. Toh tambayar da za ku yi wa Alhajin cikin mutunci ita ce, ina takardun nan? In yana da su ya nuna, in ba shi da su kun ga dalilin da ya sa maganar bohol ta taso da wuri haka.

Ku je wurin mai unguwa tukuna, ba don shi ke ba da izini ba, sai don kada gobe a ce kun tsallake shi, in da hali ya kai ku wurin dagaci. Daga nan ku rubuta takardar ƙorafi da sunan mutanen unguwa, magidanta su sa hannu da yawa, ku haɗa da hotunan layin da faɗinsa da inda islamiyyar take, ku kai hukumar ku tabbatar an buga muku hatimi a kwafin da za ku riƙe. Wannan kwafin shi ne makaminku, maganar baka ko ta waya ba ta zama hujja a ko'ina. Kuma ku yi yanzu tun ana haƙa fandesho, domin abin da na lura da shi a garin nan shi ne mutane sai an zuba kankaren hawa na biyu sannan su fara kai gwauro suna kai mari, a lokacin kuwa kowa sai ya ce ai mutum ya riga ya kashe dukiya a tausaya masa. In kun ga aiki na ci gaba dare da rana ba amsa, ku yi karo-karo ku ɗauki lauya ya nemo odar kotu ta dakatar da aikin har a saurari kowa.

Ba wai ina cewa duk mai gina shago azzalumi ba ne, a'a, gari yana girma, mutane na bukatar wurin sana'a, kuma zai iya yiwuwa ku daidaita. Misali ya janye ginin baya ya bar wurin fakin a cikin filinsa, ya cire wurin bikin ya bar shaguna kawai, ya gina kwalbati mai kyau. In za a yi sulhu irin wannan a rubuta shi a gaban mai unguwa da shaidu, har da wa zai gyara bohol ɗin in ya lalace da kuma sunan wa yake, domin in a cikin harabarsa yake ranar da kuka saɓa zai iya garƙame get ya ce ruwansa ne. Mu a Kano mun ga abin da gini a kan hanyar ruwa ya jawo a Kantin Kwari da damina ta 2022, ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da shaddodi, kuma a shekarar ce dai bene ya rufta a titin Beirut ana cikin gininsa. Saboda haka dattawan da suka ce a tsaya a duba ba ƙyashi suke yi ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu kuma rijiyoyinmu ne suka ƙafe tunda maƙwabcinmu ya haƙa burtsatse mai zurfi yana sayar wa 'yan garuwa, janareta tun safe har dare. Maigidana ya ce shi ma zai ci bashi ya haƙa tamu, ni kuma ina tsoron bashin. Wata uwa daga Kano.

AMSA: Hajiya tsoronki yana kan hanya, ki lallaɓa maigida ya dakata tukuna. Yawancin ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashi, ruwan da muke samu yana kwance ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da kuma cikin tsagogin dutsen, ba kamar wajen Borno ba inda ake da yashi mai zurfi da ke riƙe ruwa da yawa. Shi ya sa za ki ga gida biyu katanga ɗaya, wannan ya haƙa ya samu wancan ya haƙa ya tashi a tutar babu. In kowane gida a layi ya haƙa nasa, ruwa ɗaya ne ake ja da bututu goma, mai zurfi ya shanye na mai gajere, kuma ga shi mun cike kududdufan da da suke tara ruwan sama yana tsatsafowa ƙasa mun yi gine-gine a kai, tsakar gida ma duk an shafe da siminti da intalok, ta ina ruwan zai koma ƙasa?

Akwai kuma maganar lafiya wadda ita ta fi damuna. A unguwannin awon igiya fuloti ƙanana ne, sai ki tarar da bohol ɗin wannan yana jingine da shaddar maƙwabci ko sokawe, alhali masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakaninsu. Ba mu manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Abin da ya fi shi ne gidaje goma ko ashirin su haɗa kuɗi a kira masu awon ƙasa su duba inda ruwa yake kafin a kawo injin haƙa, a yi guda ɗaya mai sola da tanki a sama, a sa kwamiti da ɗan kuɗin gyara duk wata, kuma a sa mata a kwamitin domin su ne za su fara sanin ranar da ruwa ya ragu. Shi kuma maƙwabcin a same shi da dattawa, addininmu ya hana cuta da cutarwa, in sana'arsa ta ƙafar da rijiyoyin mutane ko ya rage awannin jan ruwa ko ya fito da kan famfo ɗaya waje maƙwabta su ɗiba.

Sannan dan Allah kada ku cire rai da ruwan gwamnati ku daina nemansa, haƙƙinku ne. Garin nan tun farkon shekarun 1930 yake da matatar ruwa a Challawa, an yi dam ɗin Tiga zamanin Audu Baƙo, an yi sabuwar matatar Tamburawa da aka tsara ta ba da lita miliyan 150 a rana da ta Watari mai miliyan 75 zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Ruwan yana nan a kogi, abin da ke hana shi isowa gidajenku shi ne rashin wutar tura shi, da tsofaffin bututu da ke yoyo, da waɗanda aka fasa wajen aikin titi ba a mayar ba, da unguwannin da aka yanka ba a taɓa ja musu layin ruwa ba. Ku bincika wanne ne naku a ciki, ku rubuta wa hukumar ruwa ku ba kansila da ɗan majalisarku kwafi.

TAMBAYA: Yaya, 'yan adaidaita sun mai da layinmu hanyar gudun gosulo, jiya saura kaɗan a buge ƙanina. Mu samari mun ce za mu zuba siminti mu yi tudun rage gudu kuma mu sa ƙarfe mu toshe bakin layin. Ya ka gani? Wani matashi daga Kano.

AMSA: Ƙanina Allah ya ƙara tsarewa. Toshe layi kam kada ku yi, hanya ta jama'a ce, kuma ranar da gobara ta tashi ko aka ɗauko mara lafiya ku ne za ku fara cizon yatsa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013 adaidaita sahu ta zama ita ce ƙafar talaka, ba za ku iya korarsu ba, amma za ku iya sa su rage gudu. Tudun da samari ke yi da kansu yakan zama mai tsini da yawa, yana kayar da masu babur da daddare yana kuma tare ruwan sama ya koma gidaje, saboda haka ku nemi izini a ƙaramar hukuma a turo wanda ya san aikin a yi mai faɗi mara tsayi a shafa masa fenti. Ku sanar da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, a rubuce, sannan ku je tashar 'yan adaidaitan da ke kusa da ku ku sami shugabansu da mai unguwa a gaba, yawancinsu iyaye ne su ma, in aka gaya musu lokacin da yara ke tashi daga islamiyya suna ji. Kafin duk wannan ya tabbata, ku raba aiki a tsakaninku, kullum mutum biyu su tsaya a bakin layin da yamma su tsallakar da yaran.