Harajin taba a jihohin Amurka: lafiyar mutane ake nema ko kuɗinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne a Bronx, shekarata tara a New York. Bana shan taba amma abokin zamana yana sha, kullum cikin ƙorafi yake wai kwali ɗaya ya wuce dala 13, har in wani zai je Virginia sai ya bashi saƙo dan can tafi araha. Kuma naji wasu jihohin ma suna ta rigimar a ƙara harajin. Dan Allah da gaske ƙarin nan yana sa mutane su daina sha, ko dai gwamnati ce ta samu saniyar tatsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh gaskiya duka biyun ne, yana sa a daina kuma gwamnati tana tatsa, amma bari mu fara buɗe kwalin nan na abokinka muga kuɗin ina yake tafiya.

Gwamnatin tarayya tana karɓar dala 1.01 a kowane kwali mai kara 20, haka yake tun 2009 lokacin Obama, kafin nan santi 39 ne. Jihar New York tana karɓar dala 5.35 bayan ƙarin dala ɗaya da tayi a watan Satumba na 2023, shi kuma birnin ya ɗora nashi dala 1.50 a kai. Kaga dala 7.86 kenan tun ba'a zo kan harajin ciniki ba, kuma birnin ya kafa doka cewa ba'a saida kwali ƙasa da dala 13. Ita Virginia, wadda tun asali ƙasar noman taba ce, santi 60 take karɓa, shima sai 2020 aka ninka shi daga santi 30. Missouri kuwa santi 17 ne tun 1993 ba'a taɓa ba, itace mafi araha a duk ƙasar. Ƙasa ɗaya, taba iri ɗaya, amma kowace jiha da nata kiɗan, kuma daga nan ne duk rigimar ta taso.

Maganar ko yana sa a daina, wannan ɓangaren ba'a cika musu a kai ba tsakanin masu binciken tattalin arziki, dan an auna shi a ƙasashe da yawa shekara da shekaru. In farashi ya tashi da kashi 10 cikin 100, shan taba yana raguwa da wajen kashi 4 a ƙasashe masu kuɗi. Zaka ce ai kaɗan ne, eh kaɗan ne, saboda nikotin ba wasa bane, wanda ya shekara ashirin yana zuƙa ba dala ɗaya ce zata raba shi da ita ba. Amma ba irin abokinka ake hari ba tun farko, yaron da bai fara ba ake hari, ɗan shekara 16 da kuɗin aljihunsa bai taka kara ya karya ba, shi in kwali yayi tsada sai ya haƙura, kuma mafi yawan mashaya tun suna samari suka fara. A 1965 wajen kashi 42 na manya a Amurka suna shan sigari, a 2022 an dawo wajen kashi 11 zuwa 12. Ba haraji kaɗai yayi wannan aikin ba, akwai hana talla da hana sha a ofis da gidan abinci, amma farashi yana cikin manyan dalilai. Duk da haka hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka tana lissafa mutum wajen 480,000 da taba ke kashewa duk shekara a ƙasar.

Masu adawa kuma ba shirme suke ba, hujjoji biyu suke da su masu ƙarfi.

Ta farko, talaka ne ke biya. Yanzu a Amurka masu ƙaramin ƙarfi sun fi masu kuɗi shan taba, dala biyar a wurin lauya ba komai bace amma a wurin mai wanke kwanuka a gidan abinci kuɗin cefane ne. Masu goyon baya sai su ce ai shi talakan ne yafi saurin dainawa in tayi tsada, dan haka shine yafi cin ribar lafiyar. Gaskiya ne a lissafin jimla, amma ni ina ganin wannan amsar bata share hawayen wanda ya kasa dainawa ba, shi kam an bar shi da tabarsa kuma an rage masa abincin gida, kuma indai jiha bata ware kuɗin taimaka masa ya daina ba toh ta zalunce shi kawai.

Ta biyu itace fasa-ƙwauri, wanda saƙon abokinka ƙaramin reshe ne a ciki. Yi lissafi, tazarar haraji tsakanin birnin New York da jihar Virginia dala 6.25 ce a kwali ɗaya, katan mai kwali goma dala 62.50, mutum ya cika bayan mota da katan ɗari ya biyo babbar hanyar I-95 ai ya haɗa sama da dala 6,000 a tafiyar yini ɗaya. Cibiyoyin bincike na Tax Foundation da Mackinac sun daɗe suna ƙiyasta cewa sama da rabin sigarin da ake sha a New York ba'a biya mata harajin jihar ba, wasu masu bincike suna ganin alƙaluman sun yi yawa, amma ba wanda yake cewa matsalar babu ita. Kuma ka tuna Eric Garner da ya rasu a hannun 'yan sanda a Staten Island a watan Yulin 2014 bayan an shaƙe shi, zargin da ya kawo su wurinsa shine saida sigari kara-kara wadda ba'a biya wa haraji ba. Abin da mai tebur yake yi a bakin titi a Kano ko Maraɗi ba wanda ya kalle shi. Dan haka ka gaya wa abokinka, ɗan abin da mutum ya shigo da shi dan kansa doka ta ɗaga ƙafa, amma ya fara saidawa ya shiga laifi, kuma mai lasisin tasi ko mai neman takardu bai kamata ya kusanci wannan ba ko da wasa.

Sai maganar saniyar tatsa, anan kam zarginka yana da tushe. A 1998 jihohi 46 sukayi sulhu da manyan kamfanonin taba akan kamfanonin zasu biya jihohin dala biliyan 206 cikin shekara 25 na farko, ga kuma harajin da ke shigowa duk shekara, amma abin da jihohin ke kashewa wurin hana yara farawa da taimakon masu son dainawa bai kai kashi 5 cikin 100 na kuɗin ba, sauran ya tafi cike giɓin kasafi. Harma akwai wani tarko, in ka jingina wani aiki na dindindin akan harajin taba toh kana fatan mutane su daina kuma kana fatan kar su daina, Kalifoniya ta ɗora shirin kula da ƙananan yara akan santi 50 na taba tun 1998, mashaya suna raguwa kuɗin shirin yana raguwa.

Abin da nake so ka riƙe shine girman ƙarin yafi komai. Santi goma ko ashirin kamfani zai shanye shi da rangwame da takardun ragi, mai saye ko ji ba zai yi ba, jiha ta samu ɗan kuɗi lafiya kuwa bata samu komai ba. In kana son sanin wane ƙari ne ke aiki duba wanda kamfanoni ke yaƙa. A 2016 mutanen Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'a akan ƙarin dala 2, daga santi 87 zuwa dala 2.87, kamfanonin taba suka zuba wajen dala miliyan 70 dan a kayar da shi kuma duk da haka ya wuce. A wannan shekarar dai a Missouri abin ya juye, kamfanin R.J. Reynolds ne da kansa ya ɗauki nauyin kamfen ɗin a ƙara santi 60 a hankali cikin shekara huɗu, tare da wani caji na daban akan ƙananan kamfanoni masu saida taba mai araha wato kishiyoyinsa, ƙungiyoyin yaƙi da ciwon daji da ciwon huhu kuma suka fito suna cewa kar a zaɓa. Masu ƙuri'a suka kayar da shi, kamar yanda suka kayar da na 2002 da 2006 da 2012.

A gida Najeriya wannan gardamar ta jiha-jiha bata taso ba saboda harajin na tarayya ne, kwastam ke karɓa a masana'anta. A 2018 aka fara ɗora naira 1 akan kowane kara bayan kashi 20 na darajar kaya, a 2022 ya koma naira 4.20 da kashi 30, wanda yayi nesa sosai da shawarar hukumar lafiya ta duniya WHO ta cewa haraji ya kai kashi 75 na farashin da mai saye ke biya. Dokar 2015 ta hana saida kara-kara, amma kai ma ka san yanda take a tasha.

Shi kuma abokinka, tunda ƙorafin kuɗi yake ai ƙofa ta buɗe, ka zauna dashi ku ninka dala 13 sau 365, in kwali ɗaya yake sha a rana dala 4,745 kenan a shekara, ya isa tikitin zuwa gida da tsaraba. Jihar New York tana da layin waya na kyauta na masu son dainawa, kuma suna tura wa waɗanda suka cancanta abin mannawa na nikotin ba tare da sun biya ba, cikin kuɗin da yake ta biya ne ai, ya kira ya karɓi rabonsa.