Hukuncin kaɗa ƙuri'a a gasar waƙa da yin aiki a otal ɗin da ya sauki gasar

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a ƙasar Ostiriya, ina aikin wucin gadi a wani otal da ke wani ƙaramin gari cikin duwatsu, irin garuruwan da ake zuwa wankan ruwan zafi don neman lafiya. Wata ƙungiyar masoya waƙa ta ƙasa da ƙasa za ta yi gasarta a garin, kuma a otal ɗinmu baƙin za su sauka. Kowace ƙasa da waƙarta, masoya ne ke ba da maki: a jera waƙoƙi goma, ta farko maki 12, ta biyu 10, sannan 8 har zuwa 1. Abokan aikina sun matsa in shiga in yi zaɓe, wasu ma suna sa kuɗi a kan wadda za ta ci. An kuma sa sunana a aikin babban zaure a daren ƙarshe. Malam, ya halatta in yi zaɓen? Albashina na wannan mako fa? Ni kaɗai ne Musulmi a wurin, ba na so a ga kamar na ware kaina.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, jimlarka ta ƙarshe ce ta fi tsaya mini a rai. Saurayi shi kaɗai a tsakanin duwatsu, ba masallaci kusa, ba mai ce masa tashi ga asuba, amma ya tsaya ya yi tambaya kafin ya danna waya. Allah ya ƙara maka tsoronsa.

Malaman usulu suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, don haka sai mu fara sanin abin da ake magana a kai. Uwar irin waɗannan gasanni ita ce Eurovision, wadda aka fara a 1956 a garin Lugano na ƙasar Suwizalan da ƙasashe bakwai. Tsarin makin da ka faɗa, 12 da 10 da 8 zuwa 1, nata ne tun 1975. A da alƙalai ne kawai ke yanke hukunci, sai a 1997 aka gwada bai wa masu kallo dama ta wayar tarho a ƙasashe biyar, a 2023 kuma aka buɗe wa sauran duniya ƙofar zaɓe ta intanet, da kuɗi, ta yadda mutumin Kano ko na Maraɗi mai katin banki zai iya jefa tasa. Masoyanta suna da ƙungiyoyi a ƙasashe da dama, babbarsu an kafa ta a Finlan a 1984, kuma su ma suna shirya ƙananan gasanninsu a kan wannan tsari. Taku daga cikin irin waɗannan take. Garin kuwa, wanda ya san Wikki a Yankari ko Tafadek a arewacin Agadez ya san asalin abin: ruwa ne mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, masu ciwon gaɓɓai suna zuwa. Sai dai Turawa sun gina otal-otal da zaurukan kiɗa a kewayen nasu, wasu har da gidajen caca, kamar na Baden-Baden a Jamus.

Sai asalin waƙa da kiɗa. Ba zan ɓoye maka ba, akwai saɓani, kuma tsoho ne. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, ban da ganga mai fuska ɗaya, wato duffi, a biki da idi. Hujjarsu aya ta 6 a Suratu Luƙman, inda Allah ya zargi mai sayen "lahwal hadisi", wato zancen da ke shagaltarwa, Abdullahi ɗan Mas'udu kuma ya rantse cewa waƙa ake nufi. Sai hadisin da ke cikin Bukhari cewa za a sami wasu a cikin al'umma masu halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. An tambayi Imamu Malik game da waƙar da wasu mutanen Madina ke sassautawa, ya ce a wurinmu fasiƙai ne ke yin ta. Risalar Ibn Abi Zaid da muka karanta a zaure tun muna yara ta faɗa ƙarara cewa bai halatta ka yi gangancin sauraron kayan wasa da waƙa ba. A ɗaya ɓangaren Ibn Hazm ya raunana hadisin Bukhari, yana ganin akwai yankewa a silsilar masu ruwayar hadisin, tsakanin Bukhari da malaminsa Hishamu ɗan Ammar, ko da yake Ibnus Salah da Ibn Hajar sun mayar masa da martani mai ƙarfi. Imamul Gazali ya halatta sauraro da sharuɗɗa. Masu sassaucin suna kafa hujja da 'yan mata biyu da suka yi waƙar yaƙin Bu'asu a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Annabi (SAW) ya ce ƙyale su. Ni ina kan ra'ayin jumhuru, wato mafi yawan malamai, amma ban ɗauki wanda ya bi ɗaya ra'ayin da ilimi a matsayin wanda ya fita daga addini ba. Waƙa kuwa marar kiɗa mai ma'ana tsarkakakkiya, ai da ita Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u suka karantar da jama'a.

To amma tambayarka ba ta tsaya a nan ba, kuma a nan ne matasa da yawa ke zamewa. Da sun ji an ce akwai saɓani sai su ɗauka ƙofa ta buɗe ga kowace irin waƙa. Gazalin da ake jingina da shi ya lissafa abubuwan da ke mayar da sauraro haram: mai waƙar ta zama macen da ake tsoron fitina da ita, ko kayan kiɗan su zama alamar mashaya, ko kalmomin su zama na batsa, ko mai sauraron sha'awa ta rinjaye shi, ko ya mayar da abin sana'ar dare da rana. Don kada in yi hukunci da ka, na sa wani ɗalibina ya buɗe mini wasu daga cikin waƙoƙin irin wannan gasa a wayarsa, bayan la'asar, muna zaune a kan tabarma. Na ga wani dattijo shi kaɗai a dandamali yana waƙa da harshen ƙasarsu, ɗalibin ya ce kewar mahaifiyarsa yake yi, kuma ban ga abin ƙi a shigarsa ba. Ta gaba ba mu kai rabin minti ba na ce ya kife wayar, saboda shigar masu rawar ba abin da ido mai alwala zai tsaya a kai ba ne. Haka abin yake, a cakuɗe. Kai kuma an ce ka jera goma. Ba yadda za ka jera goma ba ka kalli dukansu ba, ka auna, ka sake kallo. Da a ce waƙar dattijon nan kaɗai ce, da mun koma kan saɓanin malamai. Amma tsarin gasar bai ba ka damar tsince tsakuwa daga shinkafa ba, kwanon gaba ɗaya ake miƙo maka. A wannan siffa ban san malamin da sharuɗɗansa za su halatta ba, har masu sassaucin.

Sannan ƙuri'a daban take da ji. Wanda kiɗa ya shiga kunnensa yana goge tebur bai yi ganganci ba, ba a kama shi da laifi, shi ya sa Risala ta ce ganganci. Mai zaɓe kuwa cewa yake wannan ta fi, a ɗaga ta, a ƙara yin irinta. Ƙuri'a shaida ce, kuma ceto ce. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i aya ta 85: wanda ya yi ceto kyakkyawa yana da rabo daga gare shi, wanda ya yi mummunan ceto yana da kaso daga gare shi. A Suratul Ma'ida aya ta 2 kuma ya hana taimakekeniya a kan zunubi. Na san abin da za a ce maka: ƙuri'a ɗaya me za ta canza a cikin dubbai? Ai ba a tambayar bawa ko ƙuri'arsa ce ta yanke gasar, ana tambayarsa ne me hannunsa ya zaɓa. Su kansu masu shirya gasar da ɗaya-ɗayan nan suke tara dubban, da ba ta da amfani da ba su roƙe ka ita ba.

Idan zaɓen na kuɗi ne, kamar na babbar gasar inda ake cire kuɗi a kan kowace ƙuri'a, har mutum ɗaya ya kan iya jefa 20 a shekarun baya, to an ƙara laifi na biyu, wato almubazzaranci, wanda Suratul Isra'i aya ta 27 ta kira masu yin sa 'yan'uwan shaiɗanu. In yi adalci, biyan kuɗin ƙuri'a shi kaɗai ba caca ba ne muddin mai zaɓen ba ya jiran wata riba. Amma da zarar an ce cikin masu zaɓe za a fitar da wanda zai ci kyauta, ya zama caca, domin ka sa kuɗi ne a kan ko ka samu ko ka rasa. Abin da abokan aikinka ke yi na sa kuɗi a kan wadda za ta ci kuwa, wannan maisir ne tsantsa, wato caca, aya ta 90 a Ma'ida ta gama da shi, ko da kuɗin bai wuce na kofin shayi ba. Kada ka riƙe musu kuɗin, kada ka rubuta musu sunaye.

Yanzu aikinka, kuma ina so ka kwantar da hankali. Kwangilarka da otal ce, a kan ayyukan da asalinsu halal ne: gyaran ɗaki, canza zanen gado, ɗaukar jakunkuna, share harabar ƙofa in dusar ƙanƙara ta rufe ta. Baƙo ya zo gasar waƙa ko ya zo jinyar gwiwa, gadon da ka shimfiɗa masa na barci ne, barci kuma ba saɓo ba ne. Sahabbai sun yi ƙwadago wa waɗanda ba Musulmi ba, sun karɓi ladansu. Albashinka na wannan mako halal ne a kan waɗannan ayyuka, har da ɗan ihsanin da baƙo zai ajiye maka.

Aikin zaure a daren ƙarshe shi ne abin dubawa. Ka san abin da ake zagayawa da shi a faranti a irin wannan dare. Hadisin Anas da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya la'anci mutum goma a kan giya, a cikinsu akwai mai ɗaukar ta da mai shayar da ita. An ruwaito sassauci daga Imamu Abu Hanifa game da ladan ɗaukar giya wa wanda ba Musulmi ba, amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa, mazhabarmu ta Malikiyya kuma ba ta yarda ba. Saboda haka ka je wurin mai tsara jadawalin aiki tun yau, kada ka bari sai ana gobe. Ka ce masa addininka ya hana ka ɗaukar giya, kana roƙon a mayar da kai ɗakuna ko wurin karɓar kaya, kuma ka ɗauki aikin da kowa ke gudu, kamar na sassafe washegari lokacin da sauran ke fama da gajiya. Wanda ya zo da musanya a hannu ya fi wanda ya zo da ƙi kawai samun biyan bukata. In an ƙi, kuma ka tabbata ƙin zai raba ka da aikin da kake ci da karatu da shi, ba ka da wani a hannu, to ka tsaya a kan abin da ba giya ba, kamar ruwa da abinci da kwashe kujeru, ka kawar da kai daga dandamali, ka ƙi abin a zuciyarka, ka fara neman wani aikin. Allah ya ce ku ji tsoronsa gwargwadon ikonku. Amma jin kunyar manaja ba lalura ba ce, kada ka kira shi da sunanta. In ka taɓa ɗaukar giya a baya da rashin sani, ka yi istigfari, ka yi sadaka da abin da ya sauƙaƙa, kada waswasi ya cinye ka.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma tunda garin na wanka ne dole in faɗa. Neman magani da ruwan zafi halal ne, ni'ima ce daga Allah. Sai dai hadisin Jabir da ke cikin Tirmizi ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya shiga gidan wanka sai da gyauto, kuma a cikin hadisin nan guda aka hana zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ka ga hadisi ɗaya ya tattara otal ɗinku. A ƙasashen da ke magana da Jamusanci, ɗakunan gumi da yawa maza da mata ne a haɗe, kuma ba tufafi ake shiga ba. Kada ka shiga a wannan hali, kada ka karɓi aikin kai tawul ciki ana tsakiyar wanka. Wanke wurin bayan an tashi babu laifi.

Batun warewa kuma, ba a ce ka ɗaure fuska ba. Ka gaishe su, ka taya wanda aiki ya yi wa yawa, ka dafa shinkafa da miya ranar hutu ka kira su. In sun miƙo maka takardar zaɓe, ka ce na gode, ni ba na yi, addinina ne, ka ci gaba da aikinka ba tare da wa'azi ko tsawa ba. Galibi sau ɗaya ko biyu za su tambaya su bari. Ka nemi lambar masallacin da ya fi kusa da ku, ko da tafiyar awa guda ce a jirgin ƙasa, ka roƙi a riƙa ba ka hutunka ranar Juma'a. Ka sake rubuto mini bayan gasar in ji yadda kuka ƙare da mai jadawalin.

Wallahu a'alam.