Amsa ga 'yar uwa da tsiron tumatirinta ke kwantawa a ɗaki

Assalamu alaikum 'yar uwa. Kin ce kin shuka irin tumatir a gwangwanaye cikin ɗaki don gudun kaji da ƙadangaru, ya fito lafiya, amma sai ya yi tsawo siriri yana kwantawa, wasu kuma suna ruɓewa daga gindi. Na daɗe ina renon tumatir a tsakar gida, kuma abin da kika bayyana ba ya wuce ƙarancin rana da yawan ruwa.

Kafin iri ya tsiro, ɗaki ba shi da laifi. Ɗumi da 'yar laima kawai yake so, cikin kwana 5 zuwa 10 zai fito muddin ba ki binne shi fiye da zurfin santimita 1 ba. Amma ranar da ya huda ƙasa, ranar yake fara neman rana. Hasken da ke shigowa ta taga ya ishe mu gani, bai ishi tumatir ba. Shi ya sa yake miƙa wuya wajen tagar, karan ya yi fari-fari, ganye ya yi nesa da ganye. Ki jera gwangwanayen a faranti, ki fitar da su baranda da safe inda rana za ta daɗe a kansu, ki lulluɓe da tsohon gidan sauro. Wannan ya raba ki da kaji da ƙadangaru, ya kuma rage farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye. In rana ta take ki ja su inuwa, in sanyin hunturu ya tsananta su kwana a ɗaki.

Ruɓewar ita ta fi damuna. Ki duba daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, za ki ga wurin ya tsuke ya yi ruwan ƙasa kamar an matse shi da farce. Cuta ce da ke zaune a cikin ƙasa, tana samun ƙarfi idan ƙasar ba ta bushewa kuma iska ba ta ratsawa. Wanda ta kama ba ya tashi, ki cire shi da ƙasarsa ki zubar. Ki huda gindin kowane gwangwani da ƙusa. Ban ruwa da safe kaɗai, shi ma sai kin sa yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe. In tsiro uku ko huɗu suka cunkushe a gwangwani ɗaya, ki bar mafi ƙarfi. Gaba kuma ki haɗa ƙasa da yashi da takin da ya ruɓe sosai, ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi.

Waɗanda suka yi tsawo ba su lalace ba, kada ki zubar da su. In sun kai mako 4 zuwa 6, da ganyen gaske huɗu ko biyar (ban da ƙananan ganye biyun da suka fara fitowa da tsiron), ki yi mako guda kina rage musu ruwa kina ƙara musu rana. Sannan ki dasa da yamma, ki binne karan har kusa da ganyen ƙasa, domin karan tumatir yana fitar da sabuwar saiwa a duk inda ƙasa ta rufe shi.

Batun iri, na fi son na cikin leda daga shagon kayan gona, kamar Roma VF ko UC82B, a kan wanda aka matso daga tumatirin kasuwa, don ba kullum yake haifar irin uwarsa ba. A yankin Kano da Zariya renon Oktoba zuwa Nuwamba ya fi albarka, tunda zafin Maris da Afrilu zubar da fure yake yi. Bayan dashe ki riƙa juya ganye kina dubawa. In kin ga fararen tabo da 'yar tsutsa a cikin ganyen, Tuta absoluta ce, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016. Ki tsinke ganyen nan take ki ƙona.