Harafin ƙarshe a gefen taya: T, H ko V?

Tambaya: Corolla gare ni, tayoyinta 195/65 R15 91H. Mai shago ya kawo mini masu lamba ɗaya amma harafin ƙarshe T, sun fi araha. Ya ce tunda ba na wuce kilomita 100 a awa, ba ruwana da harafin. Haka ne? — Mai karatu daga Arkilla, Sakkwato

Amsa: Malam, rabin maganarsa gaskiya ce. Harafin yana nuna iyakar gudun da aka gwada tayar a kai, da lodinta da iskarta daidai: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240, W 270. Ba mai hankalin da zai taka wannan gudu a hanyar Gusau. Sai dai abin da gwajin ke aunawa a zahiri shi ne jure zafi, zafi kuwa muna da shi har ya yi yawa. A Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba.

Bambancin yana cikin ƙira. Yawancin tayoyin H zuwa sama ana shimfiɗa musu zaren nailan a kan wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin roba, ya ɗaure su kada su rabu da ita idan ta ɗau zafi. Rabuwar nan ita ce ke kawo kumburi da girgizar sitiyari, daga nan sai fashewa. Jikin waɗannan tayoyin ya fi tauri, shi ya sa mota ba ta tangaɗi a kwana, ko lokacin da ka kauce wa rami ba shiri. Illar wannan ita ce robarsu takan fi saurin suɗewa, kuma za ka fi jin gargadar hanya.

Duba takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba ko littafin motar. In H aka rubuta, kada ka sauka ƙasa da shi. Hawa zuwa W kuma ɓarnar kuɗi ce a Corolla. Lambar 91 ma kada ta ragu, tana nufin kowace taya tana iya ɗaukar lodin kilo 615. In dole sai biyu za ka canza, su zama iri ɗaya, hagu da dama.

Tambaya: Ta gwanjo mai V da sabuwa mai H, wacce zan ɗauka? — Direban haya, hanyar Illela

Amsa: Sabuwar, ba tantama. Nemo lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa da shekaru ko da ba a hau ta ba, tayar da ta haura shekara shida kuwa harafinta ba abin dogaro ba ne, balle in an taɓa yi mata faci.

Sannan ka kula da iska. Wasu masu faci kan rage ta wai don kada rana ta fasa taya, alhali ƙarancin iska ne ke sa gefenta lanƙwashewa, ta yi ta tara zafi, musamman da lodi. A auna da geji da sassafe kafin mota ta yi tafiya, a bi adadin da ke jikin ƙofa, ba wanda ke rubuce a jikin tayar ba, domin shi wannan iyaka ce.