An kama mini awaki, ɗaya ta mutu a hannun hukuma: wa ke binciken gidan tsare dabbobi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mai kiwon awaki ce a cikin gida a nan birnin Kano. Awakina uku sun fice, ma'aikatan ƙaramar hukuma suka kama su suka kai inda ake tsare dabbobin da aka samu suna gararamba a titi. Da ɗana ya je karɓowa aka ce ya biya tara da kuɗin ci. Ya biya, ba a ba shi rasit ba, kuma biyu kawai aka ba shi, wai ɗayar ta mutu. Ko mushen ba a nuna masa ba. Wa ke sa ido a kan irin wannan wuri? Talaka yana da ikon neman ba'asi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Kina da ikon neman ba'asi, kuma doka ce ta ba ki, ba alfarmar kowa ba ce.

Shi kansa kamun ba laifi ba ne. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa kula da kasuwanni da mahauta da yadda ake ajiyewa da zirga-zirga da dabbobin gida cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Kano na da 44, takwas daga ciki su ne ƙwaryar birni da kewaye: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Duk wanda ya ga yadda akuya ke faɗo wa mai Adaidaita Sahu a tsakiyar titi, ko take cinye shukar da aka dasa a bakin hanya, ya san akwai dalilin kamun. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, mu masu kiwo muna da namu sakacin. Sai dai daga lokacin da ma'aikaci ya ɗaura wa akuyarki igiya, ta zama amana a hannun hukuma. Cinta da shanta da lafiyarta sun koma wuyansu har ranar da za su damƙa miki ita.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne littafi. Duk gidan tsare dabbobi da ke aiki bisa gaskiya yana da littafin shiga da fita: ranar da aka kamo dabba, unguwar da aka kamo ta, wanda ya kamo, launinta da jinsinta da wata alama a jikinta, sannan yadda ta fita. Hanyar fita kuwa uku ce. Ko mai ita ya karɓa da rasit, ko a yi gwanjonta a bainar jama'a bayan cikar wa'adin cigiya, ko ta mutu likita ya duba ya rubuta. Dabbar da ba ta fita ta ɗaya daga cikin ukun nan ba, tana nan a turke ko kuma an ci amana. Shi ya sa maganar "ta mutu" da baki kawai ba ta wadatar. Ya kamata a nuna mushen, a ce ga ranar, ga likitan dabbobin da ya gani, ga abin da ya kashe ta, ga inda aka binne ta. Wannan na ƙarshen ya shafi kowa, domin mushen da ba a san inda ya shiga ba yana iya ƙarewa a tukunyar wani.

A matsayina na likitan dabbobi, abin da ya fi damuna a irin waɗannan wurare shi ne cakuɗa. A kwaso dabbobi daga unguwanni daban-daban a zuba su a shinge ɗaya, mai tari da mai lafiya suna shan ruwa a kwano guda. Annobar majina da zawo ta awaki da tumaki, wadda muke kira PPR, haka take yaɗuwa, haka ma boru, wato ciwon baki da kofato. Ke ma ki ware biyun da suka dawo daga sauran dabbobinki na kamar mako biyu zuwa uku, ki lura da idonsu da hancinsu da kashinsu. Ga kuma yunwa. An karɓi kuɗin ci a hannun ɗanki, to ina dusar, ina harawar? Kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya sa azabtar da dabba da wofintar da ita cikin laifuka. Kafin shi ma, kowane ɗalibin Islamiyya ya san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wannan hukunci bai ware ma'aikacin gwamnati ba.

Masu sa ido kuwa hawa-hawa ne. Na farko shugaban sashen da wurin ke ƙarƙashinsa a sakatariya, galibi sashen gona ko na lafiya da tsaftar muhalli. Sai kansilan mazaɓarki, domin majalisar kansiloli ce ke yin dokar da ta yanka yawan tara da kwanakin da za a jira kafin gwanjo. Ki nemi a nuna miki wannan doka a rubuce, kuɗin da ba ya cikinta ba tara ba ne. A ɓangaren kuɗi akwai ma'aji da oditan cikin gida, a samansu akwai Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi na jiha, wanda rahotonsa ke zuwa Majalisar Dokokin Jiha. Amma duk waɗannan takarda suke bi. Kuɗin da aka karɓa ba rasit, a wurin odita ba a taɓa karɓar sa ba, kuma akuyar da ba a rubuta shigarta ba babu mai tambayar fitarta.

Mutanen Kano ba su manta da Yunin 2019 ba, lokacin da kusan naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga suka ɓace a gidan zoo na Audu Bako, labari ya zaga duniya wai goggon biri ne ya haɗiye su. Gwamnan Kano na wancan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan, ya kuma ba da umarnin bincike. Wancan gida na gwamnatin jiha ne, ba na ƙaramar hukuma ba, amma cutar iri ɗaya ce: tsabar kuɗi a hannu, ga dabbobin da ba sa iya ba da shaida. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, wajabcin bin diddiginsu ƙaruwa ya yi.

Ga yadda za ki bi. Ki sa a rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukumar, a faɗi ranar kamu, kamannin awakin, nawa aka biya, wa ya karɓa. A nemi abu uku: rasit, kwafin shafin littafin da aka shigar da awakinki, da takardar likita a kan wadda ta mutu. A yi kwafi biyu, a buga wa naki hatimin karɓa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ba a kuma buƙatar ki faɗi dalilin nemanki. In an hana, kina da kwana 30 ki kai maganar kotu. Hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ki je da kwafin takardarki mai hatimi.

Kada ki tsallake mai unguwa. Tun kafin a san sakatariya, wurinsa ake kai tsintuwa, shi ke sa a yi cigiya a masallaci, kuma har yau shaidarsa na da nauyi. Ɗanki ya tafi da shi ko da wakilinsa. In kuma akwai maƙwabtan da irin haka ta same su, ku haɗa takarda ɗaya, ku nemi a liƙa farashin tara a ƙofar gidan inda kowa zai gani, a riƙa sanar da ranar gwanjo a rediyo, a kuma bar likitan dabbobi na gwamnati da wakilin masu kiwo su riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Ƙorafin mutum goma ya fi wuyar jefawa a aljihun tebur.

Su kuma dabbobin da suka rage, ki ɗauki hotonsu a waya ta gefe biyu, ki yi wa kowacce alamar da ba ta goguwa, kamar lamba a kunne. Ranar jayayya, "akuyata ja ce" ba hujja ba ce a garin da jajayen awaki suka cika kowane lungu.