Hukuncin ziyartar tsohuwar ganuwa a tsakiyar gandun namun daji

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana karatu a Jaifur ta ƙasar Indiya. 'Yan ajinsu za su je kallon ganuwar Rantambo, wadda ke kan dutse a tsakiyar gandun dajin damisa. Mahaifiyarsa ta ce hadisi ya hana shiga kufai, kuma matattarar aljanu ce. Mu ƙyale shi ya je? Daga wani uba a Ƙofar Mazugal, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, ya halatta ya je, amma da sharaɗi.

Hadisin da Hajiya take nufi ya inganta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Annabi (SAW) ya biyo ta Hijr, garin Samudawa, ya ce kada a shiga gidajen waɗannan da aka azabtar sai ana kuka. Har garin abincin da aka kwaɓa da ruwan rijiyoyinsu ya sa aka bai wa raƙuma. To amma dalilin yana cikin lafazin: wurin da azabar Allah ta sauka. Ba kowane kufai ba ne. Rantambo yaƙi ta gani, Sarki Ala'uddin Kalji ya ci ta a 1301, daga baya zamani ya juya mata baya, daji ya rufe ta. Wannan ba azabar Samudawa ba ce.

Hasali ma Alƙur'ani ya kira mu mu duba irin waɗannan wurare. A Suratul Hajji, aya ta 45, an ambaci rijiyar da aka daina ɗiba da bene mai tsayi da masu shi suka bari, sai aya ta 46 ta tambaya ko ba su yi tafiya a bayan ƙasa ba, su samu zukatan da za su hankalta. Mu nan ma ai muna hawa Dala, inda aka bauta wa Tsumburbura zamanin Barbushe, ban kuma ji malamin da ya ce haramun ne ba.

Batun aljanu, ya riƙe addu'ar da Muslim ya ruwaito daga Khaulatu bint Hakim ga wanda ya sauka wani wuri: A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ. Ta ishe shi.

Abin da ya fi damuna biyu ne. A cikin ganuwar akwai ɗakin bautar Ganesh, gunkin Hindu, kuma har yau ana zuwa masa. Idan abokai suka cire takalma suka shiga, shi ya tsaya a waje. Kada kunya ta sa ya bari a ɗiga masa jan abu a goshi, ko ya karɓi alewar da aka miƙa wa gunki. Sayyidina Umar ya ƙi shiga coci saboda siffofin da ke ciki, balle inda ake tsaka da bauta.

Sai damisa. Yaro ya ga kango, ya ga wayarsa na hannu, sai ya ratse daga hanya neman hoto. Allah ya ce kada mu jefa kanmu ga halaka, Baƙara aya ta 195. Dokar masu gadin daji, ta lokacin shiga da fita da inda ba a takawa, wajibi ce a kansa, domin shari'a ta san hurumi: Annabi (SAW) ya keɓe filin kiwo na Naƙi'u, Umar ya keɓe na Rabaza. Kada ya tsokani dabba, kada ya ɓanɓaro dutse ya ce tsaraba.

Tafiyar ta wuce kilomita 80, saboda haka yana iya yin ƙasaru. Ya yi alwala tun daga gari, ya nemi wuri mai tsarki nesa da gumaka. Ka karanta wa Hajiya wannan amsa, in hankalinta bai kwanta ba ya haƙura, tunda yawon buɗe ido bai kai matsayin ɓacin ran uwa ba.

Wallahu a'alam.